Amsa ga ɗan'uwan da ke tambaya kan zama da iyali a Kubwa

Assalamu alaikum. Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, cewa an yi maka canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Abuja, ofishinku yana Sakatariyar Tarayya, hayar cikin gari ta fi ƙarfinka, kana son sanin ko Kubwa za ta yi wa mai mata da yara uku, ko kuwa gara ka nufi Mararaba. Allah ya sanya alheri a wannan canji. Shekarata 11 a Kubwa, biyu daga cikin 'ya'yana a nan aka yanke musu cibiya, don haka abin da na gani da idona zan faɗa maka.

Kubwa za ta yi maka. Sai dai gari ne guda, unguwa unguwa, kuma dillali ba zai bambance maka ba. Akwai tsofaffin unguwannin da aka tsara, irin su Phase 2, Phase 3, Phase 4 da PW, inda akwai kwalta da magudanan ruwa, gidaje da yawa kuma suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma da ke can wajen Ushafa. Akwai kuma can ciki, wajen Byazhin da Chikakore, inda haya ta fi sauƙi amma rayuwa ta dogara da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa masu kura.

Ni arha ce ta ja ni can ciki a shekarar farko. Gida mai kyau, ɗaki biyu da falo, sabon fenti, da rani na gan shi. Damina na sauka hanyar ta koma jan taɓo, mai babur ya riƙa sauke ni nesa da gida, in naɗe ƙafar wando, takalmin ofis a leda. Kafin ma in kai babban titi na cinye rabin awa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai, ina fita yara na barci, ina dawowa bayan isha'i sun sake kwantawa. Ranar wata Asabar na miƙa hannu zan ɗauki 'yar autata a lokacin, sai ta maƙale a jikin mahaifiyarta tana kallona kamar baƙo. A ranar na ƙudura niyyar tashi ko da kuɗin ya ƙaru, kuma shekara na cika muka koma kusa da titi.

Saboda haka idan ka je duba gida, kada ka tsaya kan ƙirga ɗakuna. Duba agogonka, ka auna minti nawa ne daga ƙofar gidan zuwa babban titin da ya taso daga Zuba ya shiga gari. Titin yana da faɗi, idan ka hau shi da ƙarfe 6:00 bayan sallar asuba, cikin minti 40 ko ƙasa da haka kana Sakatariya. Ka bari ƙarfe 7:00 ta wuce kuwa, za ka tarar da cunkoso a mahaɗar Dutsen Alhaji da wajen Gwarimpa, tafiyar ta ninka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mu da yawa mun daina fita da mota kullum. Mu huɗu ne a layinmu muke karɓa-karɓa, kowa da makonsa. Idan motar haya za ka shiga, ka shiga a tasha, kada ka tsayar da wadda ba ka sani ba a bakin titi da dare, saboda 'yan wan-cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar mutum a mota kamar fasinja su yi masa fashi.

Ta fannin iyali kuwa, uwargida ba za ta yi kewar gida sosai ba. Masallatan Juma'a da Islamiyyu suna nan birjik, makarantun boko na kuɗi da na gwamnati kowa da daidai aljihunsa, ga babban asibitin gwamnati a cikin gari. Kayan miya da dabbobi sai Dei-Dei, kayan marmari sai Zuba, duk kusa ne. Abin da zai fi yi maka daɗi kai mutumin Kaduna, jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016 yana tsayawa a tashar Kubwa, daga nan sai Rigasa. Mu da iyayenmu ke can, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Batun tsaro ba zan ɓoye maka ba. A farkon 2024 an yi fama da masu garkuwa da mutane a yankin Bwari, kuma Kubwa ƙarƙashin Bwari take. Gidan da ke ƙarshen unguwa, a gindin dutse ko bakin daji, ko nawa aka rage maka ka haƙura. Ka tambayi maƙwabta ko suna da 'yan sintiri, da nawa kowane gida ke bayarwa a wata.

Mararaba kuma jihar Nasarawa ce, haya ta fi sauƙi, 'yan'uwanmu sun cika ta. Amma cunkoson Nyanya zuwa AYA, hanyar shiga Abuja daga can, zai jawo maka ainihin abin da na gudo daga gare shi a gidana na farko, wato rashin ganin yara a farke, ba zan so maka shi ba da ƙananan yara.

Kafin ka ba dillali ko sisi, ka zo ranar Lahadi ka kwana a unguwar, ka ga yadda wuta da ruwa suke da dare, Litinin da safe ka gwada fita zuwa ofis kamar ka riga ka tare. Idan an yi ruwan sama a daren, ya fi kyau. Ka yi mini magana ta akwatin sirri idan ka sa rana, in sha Allahu zan zagaya da kai.