Duk shekara ina niyyar kintsa gida, amma ba na ɗorewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce mai yara uku, muna zaune a ɗaki biyu da falo a Zariya. Duk bayan ƙaramar Sallah sai in ɗaura niyyar kintsa gidana, in wuni ina fitar da kaya ina jerawa, amma ba a yin sati biyu sai komai ya koma gidan jiya. Shekaranjiya har kuka na yi ina neman katin rigakafin autana, ashe yana cikin wata tsohuwar kula. Lalaci ne ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Macen da za ta wuni a tsaye tana ɗaga katifa da akwati ba a kiranta malalaciya, ki cire wannan daga ranki. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda kike ɗaura niyyar. "Zan gyara gida" magana ce da ba ta da lokaci, ba ta da iyaka, shi ya sa kike yinta rana guda da ƙarfin tsiya, jiki ya yi tsami, sai kuma baɗi.

A shekarar 2009 wata mai bincike a jami'ar UCL da ke Landan, Phillippa Lally, ta bi diddigin mutum 96 da kowannensu ya zaɓi sabuwar ɗabi'a guda yana yi kullum. Abin da aka gano shi ne, a matsakaici sai an kai kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wani ma ya fi haka nesa. Kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Kin ga ke nan a sati biyu tafiyar ko rabi ba ta yi ba. Mu kuwa tun muna Islamiyya muka haddace hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

To ki nemo wa aikin mazauni. Kina da salloli biyar da ba sa tashi daga wurinsu, sai ki ɗaura ƙaramin aiki a bayan guda ɗaya. Ni Isha'i nake zaɓa wa mata masu yara: kina naɗe dadduma, minti goma kacal, kowane abu ya koma inda yake kwana. Idan minti goman ta cika ki tsaya, ko da ba ki gama ba.

Sai maganar da mata ba su cika son ji ba, wato yawan kaya. Ɗaki biyu ba zai ɗauki kayan ɗaki huɗu ba, komai iya jerenki. Na san nauyin abin. Kulolin nan da samirun nan Inna ta yi shekaru tana adashi kafin ta tara miki, hannu ba ya son sakinsu. Amma ki buɗe kabad ki duba tsakaninki da Allah: kula goma sha biyu, nawa kike zuba abinci a ciki? Sauran suna nan suna shan ƙurar hunturu, ke kuma kina gogewa. Haka atamfofin lefe da suka matse ki tun haihuwar fari. Akwai ƙanwa mai shirin aure, akwai maƙwabciyar da ba ta da na fita biki. Ki riƙa fitar da abu uku duk Juma'a, kada ki ce sai kin kwashe su a tashi ɗaya.

Yara kuma a ba kowa ƙusarsa ta rataye jakar makaranta, daidai tsawonsa. Maigida ma a kafa masa tasa ta makulli da hula, ki faɗa masa da daɗin baki.

Takardu su ne na gaggawa. Ki sayi jaka ɗaya mai zif, katin rigakafi, takardun haihuwa, na NIN da rasit ɗin kuɗin makaranta duk su shiga ciki, ki ɗora ta saman sif inda hannun auta ba ya kaiwa. Ki kuma ɗauki hoton kowace takarda a wayarki. Da wannan za ki fara yau bayan Isha'i, kulolin su jira Juma'a.