Mayflower II da baje-kolin Barnstable a yini ɗaya

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai isa a ga jirgin ruwan Mayflower II da baje-kolin gundumar Barnstable. Zai isa, amma sai ka yi sammako.

Fara da Plymouth, garin da jirgin yake a jihar Massachusetts ta Amurka. Jirgin kwaikwayon Mayflower na asali ne, wanda ya kai Turawan Ingila Amurka a 1620, a Ingila aka ƙera shi, ya ƙetaro teku zuwa Amurka a 1957. Ka sauka ciki ka ga ƙuncin da fasinja 102 suka sha a tafiyar 1620, sai ka riƙe baki.

Baje-kolin kuwa a garin Falmouth, kudu da Plymouth, ake yi, cikin watan Yuli. Ga dabbobi ga lilo, yara za su more. Cunkoson gadar Bourne da ke kan hanyar zuwa can ne kawai abin haushi. Abinci kuma ka tambaya kafin ka saya, naman alade ya yi yawa.