Amsa ga ɗan'uwan da iskar sanyi ke shigo masa cikin fikof

Wa alaikumus salam. Malam wallahi da na karanta tambayar nan taka sai da na ji ƙafafuna sun ɗau sanyi ina zaune a ɗaki. Ka ce in motar na tsaye hita na ɗumama ko'ina lafiya lau, amma da ka hau babban titi gudu ya wuce 80 sai iska ta fara dukan ƙafarka da kafaɗar hagu, har ka cusa tawul a gindin ƙofa bai hana ba, kuma wani ya ce maka ka canza hita koa, wato ƙaramin lagireton nan da ke bayan dashbod wanda ruwan zafin inji ke bi ta cikinsa ya ɗumama iskar hita. Dan Allah dan Annabi kar ka bari kowa ya taɓa maka hita koa tukunna. Tsaya ka ji.

Hitar da ke ba da zafi mota na tsaye lafiyarta ƙalau. In kana son ka tabbatar, bari inji ya yi zafi sosai, ka buɗe bonet, akwai tiyo biyu da suka shiga bangon da ya raba inji da cikin mota, ka taɓa su a hankali, in duka biyun da zafi to ruwa na zagayawa, hita koa ba ta toshe ba. Ka kuma dubi allurar zafin inji, in tana hawa ta tsaya inda ta saba to tamostat, abin da ke buɗewa da rufe hanyar ruwa don daidaita zafin inji, ma ba shi da laifi, shi in ya maƙale a buɗe ne za ka ga allura na faɗuwa in kana gudu. Naka ciwon huji ne a wani wuri, gudu ke turo iskar ciki, shi ya sa a cikin gari ba ka ji.

Ni tsohuwar Silverado ce ta 2004 a hannuna lokacin, ina aiki Fort McMurray iyali na Edmonton, duka a nan Kanada. Sanyi na ƙaratowa na ce bari a sa min rimot sitata, na'urar tada mota daga nesa, aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mai ɗan gareji, wai ya fi sauƙi kuma namu ne. Mutumin nan gidana ya ci tuwo, mun yi sallar idi sahu ɗaya, yarana baffa suke ce masa. Ya sa rimot, yana aiki, na biya na yi godiya har da ƙari. Ashe da zai wuce da wayar wuta ta bangon injin nan sai ya ɓalle robar da ke toshe hujin ya yar, ya bar rami babban yatsa biyu za su shige, can sama da feda inda ido ba ya kaiwa sai ka kwanta rigingine.

Daren da ba zan manta ba cikin Janairu ne, na taso daga aiki zan sauko gida, waya ta nuna 36 ƙasa da sifili ban da iska. Ku da kuka san Highway 63 kun san tsakanin Fort McMurray da Wandering River kusan kilomita 200 ne ba wani wurin kirki da mutum zai tsaya ya ji ɗumi, daji ne da manyan motoci kawai. Hita na a ƙure, fuskata har gumi take, amma daga gwiwa zuwa ƙasa kamar na tsoma cikin randar ƙanƙara. Tun ina jin zogi a yatsu har na daina jin komai, kuma wannan ne abin tsoron, ina taka totur ban san iya yadda na taka ba sai na dubi allura. Wata tirela ta rage gudu a gabana na kai ƙafa birki ban ji lokacin da ta sauka a kai ba, Allah ne kawai Ya kiyaye. Na gangara gefe na cire takalmi na ɗaga ƙafa ɗaya zuwa bakin hitar dashbod ina murzawa ina salati, wallahi hawaye na yi, ni da gemuna, ba don zafin ba, tunanin yara kawai nake in na kwana a dajin nan wa zai gaya musu. Na naɗe ƙafafun da rigar aiki na ci gaba a hankali ana ta min fitila a baya. Da na isa gida maiɗakina ta kawo ruwa mai ɗumi na sa, lokacin da jini ya fara dawowa ihun da na yi sai da ƙaramar ta farka. Har yau in sanyi ya yi yatsun hagun nan biyu su ke fara gaya min.

Na koma wurin mutumin na gaya masa komai. Ko leƙa ƙasan sitiyari bai yi ba, ya ce ai hita koa ce ta tsufa. Aka sauke dashbod gaba ɗaya, mota ta kwana kwanaki a wurinsa ina hawa ta aro, ya karɓi sama da dala 1,000 wai ma ya min ragi na 'yan'uwantaka. Na hau titi, iska na nan inda take, har da ƙarin wata ƙara a dashbod da babu ita da. Na kira shi ya ce wai ni ne ban saba da sanyin ƙasar ba in ƙara safa. In ƙara safa! Daga nan ya daina ɗaukar wayata, in mun haɗu a masallaci sai ya tsawaita nafila. Wani abokin aikina ɗan Somaliya ne ya kwanta ƙarƙashin sitiyari da tocila a filin ajiye motoci, minti biyar bai yi ba ya ce zo ka gani, ina hango hasken rana ta hujin. Robar da ta toshe shi kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba. Ni na bar shi da Allah, amma ban yafe kuɗin nan ba, kuma masu min magana ta bayan fage cewa in rufa asiri tunda namu ne, ban ambaci suna ba ai.

To kai ma fara da nan. Da daddare ka sa wani ya haska tocila mai ƙarfi ta cikin bonet a jikin bangon, kai kuma ka kwanta a ƙasan sitiyari ka ɗaga kafet ka ga inda haske ke ɓullowa. Duba inda sandar sitiyari ta ratsa akwai roba a wurin tana yagewa, duba igiyar buɗe bonet, da duk inda aka taɓa jan waya, rimot ne, sifika ne, fitilar ƙari ce, wayar birkin tirela ce. In ka samu huji ka sa roba daidai shi ko ka cika da baƙin danƙon nan na butil da ake sayarwa a shagon kayan mota, kar ka cusa tsumma ko soso kusa da inda ke zafi.

Maganar kafaɗa kuwa ƙofa ce, kusan na rantse. Ɗauki takardar kuɗi ka rufe ƙofa a kanta ka ja, in ta zare ba gardama robar wurin ta mutu, ka bi zagayen ƙofar duka haka, musamman kusurwar sama wajen gilashi. Amma kafin ka sayi sabuwar roba buɗe ƙofar rabi ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama, in ta yi ƙwas ƙwas fin ɗin hinji, wato ƙarfen da ƙofar ke juyawa a kai, da bushin ɗin da yake zaune ciki sun cinye, ƙofar ta sauka, ko ka sa sabuwar roba ba za ta zauna ba. Ƙofar direba ta fi yi don ita ake wahalarwa, kuma kayan gyaran ba tsada. Sannan in an taɓa buɗe cikin ƙofar don canza sifika ko injin gilashi, akwai leda da ke manne a ciki, masu gyara yaga ta suke su watsar, iska kuma ta riƙa fitowa ta wajen hannun ƙofa. Robar in ta yi sabuwa ka riƙa shafa mata man silikon, ban da giris ko bakin mai, su cinye roba suke, kuma silikon ɗin na hana ƙofa daskarewa da asuba ka zo kana fizga har robar ta yage.

Af, ka ɗaga kafet ɗin ƙasa gaba ɗaya ma ka duba kusurwoyin baya da ƙasan ƙofa, gishirin da suke zubawa a titi cin ƙarfe yake, tsofaffin fikof nan suke fara ruɓewa. Wannan kam ba wasa ba ne, in ƙasa ta huje kuma salansa na yoyo hayaƙi ne zai shigo, gubar da ke cikinsa kuma ba wari ba launi, mutum ya ji barci da ciwon kai shikenan, musamman mu da muke barin mota a kunne muna jira a ciki. In ka ga huji a ƙasa ka kai a yi walda kawai.

Bayan kujerar baya akwai wasu 'yan tagogi masu leɓen roba da iska ke fita ta nan, wani lokaci leɓen ya faɗi ko ya maƙale a buɗe sanyi ya riƙa dukan bayan mutum. Canza su ake, kar ka liƙe da salatif, in ka toshe ƙofa za ta yi wuyar rufuwa gilashi kuma ya yi ta yin raɓa. Haka masu cewa ka danna maɓallin nan mai juya iskar ciki ka huta, eh za ka ji ɗumi amma gilashi zai rufe ruf ya daskare ta ciki kana tsakiyar titi, na ga wanda ya shiga rami a kan haka. In gilashin bayanka mai zugewa ne shi ma shafa hannu a gefensa wani na tuƙi.

Kafin ka gama nemowa dai kar ka ƙara hawa doguwar hanya ba bargo da safar ulu da takalmin kirki a motar, da caja, tanki kuma kar ya sauka ƙasa da rabi. Ka gaya min shekarar motar da ko an taɓa sa mata rimot ko wata waya, in kana kusa da Edmonton ka shigo ranar Asabar bayan azahar mu kwanta ƙasanta tare, ina da tocila da sauran danƙon.