Mahaifina Yana Karanta Fatiha, Amma Ya Kasa Kiran Sunana

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan, mahaifinmu mai shekara 63 ya dawo daga sallar Asuba, yana cikin shan koko sai ludayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce sakamakon hawan jini. Yanzu yana takawa da sanda, amma magana ta ƙi. Idan yana son buta sai ya ce hula, sunana ma ya gagare shi, alhali yana karanta Fatiha tiryan-tiryan. Yakan kuma fashe da kuka. Ƙannensa sun ce taɓin hankali ne ko shafar aljanu. Shin hankalinsa ya gushe ne? Maganar za ta dawo?
Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Abin da kika bayyana bai yi kama da taɓin hankali ba, kuma ina roƙon a daina faɗin haka a gabansa, domin akwai kyakkyawan zaton yana jin duk abin da ake cewa, yana kuma fahimta.

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe, sai sashen da take shayarwa ya rasa jini. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin dama na jiki, kuma a wurin akasarin mutane nan ne mazaunin magana, shi ya sa hannun damansa da kalamansa suka tafi tare. Tun a 1861 wani likitan Faransa, Paul Broca, ya ba da labarin majinyacin da yake fahimtar abin da ake gaya masa, amma gaɓa ɗaya tak yake iya furtawa. Baba ya san buta yake so, ya san ke 'yarsa ce. Kalmar ce take maƙalewa a hanya. Fatiha kuwa ya shekara fiye da hamsin yana maimaita ta dare da rana, kuma abin da harshe ya haddace haka, irin su ƙirga da gaisuwa, sau da yawa yakan tsira.

Game da kukan, ki duba halin dattijon da jiya shi ke yanke magana a gida, yau kuma ana hirarsa a gabansa kamar ba ya nan. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda wannan lalura ta sama sukan faɗa ciwon damuwa, wani lokaci kuma raunin ƙwaƙwalwar ne da kansa yake kawo kukan. Duka biyun suna da magani, saboda haka ki sanar da likitansa, musamman idan ya fara ƙin abinci ko barci ya ƙaurace masa.

Maganar takan fi saurin dawowa a watanni uku zuwa shida na farko, amma ana ci gaba da samun sauƙi bayan haka muddin ana yi masa atisaye. Ku riƙa yi masa magana mutum ɗaya a lokaci guda, a kashe rediyo, da gajerun jimloli, ba tare da ɗaga murya ba, tunda ba kurma ba ne. Ki ajiye buta da hula a gabansa ki ce, “Baba, wanne za a miƙo?” sannan ki jira, ko da shirun ya yi tsawo, kada ki yi saurin ƙarasa masa. Ku nemi a tura ku sashen gashin ƙashi, a asibitin gwamnati da ke Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ku kuma tambaya ko akwai mai koyar da magana.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maimaituwar ciwon. Kada ya bar maganin hawan jini don ya ji sauƙi, a riƙa auna jinin, kuma idan yana kai 140 bisa 90 ko sama da haka a koma wurin likita. Gishirinsa na yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Addu'a ba ta hana asibiti, sai dai idan baki ya sake karkacewa ko hannu ya saki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, domin haɗiya takan gagara har ruwan ya zarce huhu. A kwantar da shi a gefe guda, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nufi asibiti nan take ba tare da jiran gari ya waye ba.