Ɗinka wa yara kayan fata da gashin roba a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni mai ɗinki ce a Agege, kuma da keken Butterfly nake aiki. Wata mata ta nuna mini hoto a waya, tana so in ɗinka wa ɗanta mai shekara 4 jaket ta fata, ƙanwarsa mai shekara 2 kuma riga mai gashin roba, irin wanda ake kwaikwayon gashin dabba da shi. Shin kekena zai iya wannan aiki, kuma ya dace yara su sa irin waɗannan kaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kekenki zai iya, muddin fatar ba mai kauri ba ce, amma kafin maganar keke akwai maganar gari. Irin waɗannan tufafi an tsara su ne don ƙasashen da ake yin ƙanƙara, alhali Legas gari ne na zafi da laima, wanda ko hunturun Disamba da Janairu ba ya cizo a cikinsa kamar yadda yake yi a Jos ko Zariya. Fata ba ta barin iska ta ratsa sosai, gashin roba kuma ya fi ta riƙe zafi, saboda haka yaron da aka rufe da su daga wuya zuwa hannu zai jiƙe da gumi, ƙurajen zafi su biyo baya. Shawarata ita ce ki shawo kan uwar yaran a yi wa namijin falmaran na fata maras hannu, macen kuma a ɗinka mata rigar auduga, a sa gashin a bakin hula ko a ƙaramin abin wuya da ake ɓallewa a cire. Kwalliyar hoton za ta fito, yaran kuma ba za su wahala ba.

Idan kin shiga kasuwar fata ta Mushin, ki nemi jemammiyar fatar akuya ko ta tunkiya mai laushi, wadda kaurinta bai kai milimita 1 ba. Kirgin saniya na masu takalmi da jaka ne, zai karya miki allura. Ana sayar da fata da awon murabba'in ƙafa ne, ba da yadi ba, kuma kowace tana da tabo da wurare masu rauni a wajen ciki, don haka ki tafi da samfurin da kika yanka a takarda, ki shimfiɗa shi a kanta kafin ki biya. Jar fatar akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko saboda ta can fatake suke fitar da ita, tana da kyau ƙwarai, sai dai wadda aka rina a gargajiyance takan zubar da launi idan ta sha gumi. Ki goga mata farin ƙyalle mai danshi ki gani. Fatar roba ta fi araha, amma laimar Legas tana sa ta ɓarewa da wuri. Kowacce kika ɗauka, dole ki yi mata shafi da yadin auduga, domin sinadarin jima na masana'anta yana sa wa wasu yara ƙaiƙayi.

Abin da ya raba fata da yadi shi ne, duk hudar da allura ta yi mata ta zauna ke nan, ba a warware ɗinki a gyara. Saboda haka ki fara gwada rigar da yadi mai araha a jikin yaron, kuma kada ki soka fil, ki riƙe gefuna da abin maƙale shanya. Ki sa allurar fata mai lamba 16, wadda bakinta yake yanka maimakon hudawa, da zaren roba mai ƙarfi (irin na nailan, ba mai talewa ba), domin sinadarin jima yana cin zaren auduga a hankali. Ki buɗe tazarar ɗinkin zuwa milimita 3 ko 4, don idan hudojin suka matsu da juna, fatar za ta yage a kan layin. Idan ƙafar keken, wato ƙarfen da ke danne yadi, tana manne wa fatar, ki shimfiɗa siririyar takarda a tsakani, ki yage ta bayan kin gama. Ba a ɗora wa fata dutsen guga kai tsaye. Ana kwantar da kalmasa ne da gam, a bubbuga ta a hankali da guduma.

Gashin roba bai kai haka wuya ba. Ki kifa shi, ki zana awon a bayansa, ki yanka yadin baya kaɗai da reza, domin almakashi yana datse gashin. Ki tabbatar duk gashin ya kwanta ƙasa a kowane yanki, ki tura shi ciki yayin ɗinki, sannan ki tsefe wanda ya maƙale da tsinin allura.

Game da yarinya mai shekara 2 kuwa, nan ne nake so ki fi kula. Ki ja gashin da yatsu tun a kasuwa, idan ya biyo hannunki kada ki saya, domin yaro yana kai komai baki. Ki zaɓi gajeren gashi, ki nisantar da shi daga hanci da baki, kada ki sa igiya a wuya ko ƙananan duwatsun ado da za a iya tsinkewa a haɗiye. Ki gaya wa uwar cewa wannan gashi daga roba aka yi shi, yana narkewa ya manne a jiki idan ya taɓa wuta, don haka kada yarinyar ta kusanci risho ko kyandir da shi. Falmaran kuma ba a wanke shi a ruwa, goge shi ake yi, a rataye shi inda iska take shiga, domin idan aka ɗaure shi a leda da damina, fumfuna za ta rufe shi.