Yaushe ya fi dacewa a ziyarci lambun Keukenhof?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki je lambun Keukenhof na ƙasar Holan a ƙarshen Maris ko ki jira. Shawarata, ki jira tsakiyar Afrilu.

Lambun yana garin Lisse, kuma mako takwas kacal yake buɗewa a shekara, daga wajen 20 ga Maris zuwa tsakiyar Mayu, wato lokacin da sanyin Turai ya fara ja da baya. Asalinsa filin gidan wasu masu hali ne a karkara, ma'anar sunan ma ita ce lambun kicin, don can ake tsinko ganyen miya a da. A 1950 aka fara buɗe shi ga jama'a. Duk shekara ana dasa ƙwayar fure kusan miliyan 7 da hannu a hekta 32.

In kin je a Maris, galibi furen dafodil za ki tarar, tulif kuwa bai gama buɗewa ba sai na cikin rumfunan gilashi. In kin makara kuma, manoman da ke kewaye sun riga sun yanke kawunan furannin gonakinsu don ƙwayar ta yi ƙiba a ƙasa. Ni kuwa waɗannan gonakin, layi ja layi rawaya har iya ganinki, su suka fi ratsa zuciyata, don haka ki yi hayar keke a bakin ƙofa ki zagaya su.

Sayi tikiti ta intanet tun da wuri, ki je da sassafe ranar aiki. Ki riƙe rigar sanyi da lema, iskar wurin tana da kaifi ko da rana ta fito.