Amsa ga ƙanwata da allura ta soka wurin gardi (aikin kwana a asibiti)

Ƙanwata sannu, Allah shi tsare gaba. Kin ce daren jiya bayan kin yi ma wani marar lahiya allura, garin maida marhin ta soke ki a yatsa, kin matse jinin kin shahwa alkol kin yi shiru don tsoron majo, babban malamin asibitinku, wai ko ya isa? Bai isa ba, ki aje waya ki tahi ki gaya mishi yanzun nan don Allah. Maganin kariya daga sida cikin awa 72 ake hwara shi, kuma awannin farko sun hi, ana shan shi kwana 28.

Ni ma ta same ni a wata CSI, ƙaramin asibiti, nan yankin Tahoua, cikin damina lokacin da palu, zazzaɓin cizon sauro, ke kada yara, ba wuta, tocilar waya a bakina, yaro na ta zillo uwar na riƙe da shi, na gama na ɗauko marhin da hannun hagu, sai ji na yi cau! Wallahi barcin kirki ban ƙara yi ba sai da awo na ƙarshe ya hito lahiya. Maida marhin nan shi ke cin mu, da gajiya da sauri, da kwalin allura da aka aje can bayan ƙofa. Tun ranar sai kwali na kusa da hannuna nake buɗe sirinji, ina gamawa in jefa ta yadda take, in ya kai kashi 3 cikin 4 a rufe, ba a danna shi da hannu.

Matsewar nan a daina. Ruwa da sabuni, sannan yatsa cikin Dakin, ruwan wankin ciwo, ko ruwan zabel da aka sirka aƙalla minti 5.

Kowa sida yake tsoro, alhali kamuwa da ita in allurar mai cutar ta soke ka kamar 3 ce cikin 1000, ciwon hanta B kuwa yana iya kai 30 cikin 100 ga wanda bai da rigakahi, kuma rigakahin allura 3 ce kawai. Kin yi naki? Ki tambaya a auna marar lahiyar ma da yardarshi.

Masu shara su ne ke ba ni tausai, wata dattijuwa tamu allura ta huda leda ta shige mata tahin hannu, ba ta ma san ta wane ne ba.

Ki dawo ki gaya muna abin da majo ya ce.